Mama Hannatu ta tafi, masu hoto sun fito

Da safen nan ina shirin fita makaranta wayata ta yi ƙara. Ƙanwarta ce. Ta ce, "Rifkatu, Mama Hannatu ta tafi gida."

Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Jiya da rana Mama Hannatu ta dawo daga ƙauye a bayan mashin, ta ce kanta na sara mata. Kafin a isa asibiti a Kafanchan bakinta ya karkace. Ba ta sake magana ba.

Ga wanda bai san ta ba, nas ce. Ta yi ritaya ta ƙi zama. Ita ta tara mu, matan zumunta 'yan kaɗan, muka kafa ƙaramar ƙungiyar lafiya. Duk Asabar mu shiga ƙauyuka, a duba masu ciki, a auna nauyin yara, a gwada hawan jinin tsofaffi a barandar coci ko a gindin mangwaro. Ni malamar makaranta ce, sai aikin rubutu ya faɗo kaina.

Lokacin cikina na biyu ƙafafuna suka kumbura, na ce ai gajiya ce. Ta kama hannuna ta gwada, ta dube ni ta ce, "Ɗauki jakarki." Ita ta raka ni, ta zauna a benci har likita ya ba ni gado. Daga nan ta wuce gidana ta dafa wa maigidana faten acca. Ba don ita ba, ban san wa zai rubuta wannan ba yau.

Shekara uku muna neman tallafi. Na rubuta furofozal, wato takardar neman tallafi, har na haddace shi kamar ayar haddacewa. Kullum amsa ɗaya: ba ku da ofis, ba ku da akanta, ba ku kai ba. Alhali abin da muke roƙo bai wuce ma'aunin hawan jini guda biyu, maganin ƙarin jini, da mashin na kanmu ba.

Sai ga wani oga daga Abuja, kodinetan wata babbar ƙungiya. Ba zan kira sunansa ba. Ya san kansa, kuma na san yana karantawa.

Ya zo da farar jif, turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Mama, ke ce uwarmu, tare za mu yi tafiyar nan." Ya ɗauki hoton littafinta shafi bayan shafi, sunayen mata da ƙauyukansu. Ya sa ta auna jariri ɗaya sau uku, wai haske bai faɗa fuskarta daidai ba. Jaririn na tsala ihu, shi yana cewa, "Mama, murmushi."

Tallafin ya fito. Da sunansu.

Me ya iso wurinmu? Wokshop, wato taron bita, na kwana biyu a hotal. Wata baiwar Allah da ba ta taɓa karɓar haihuwa ba ta tsaya da makirfo tana koya wa Mama Hannatu yadda ake wanke hannu. Aka ba mu riga mai tambari, shinkafa a roba, sai takarda mu sa hannu mun amfana.

Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Oga, ma'aunin fa?"

Ya ce, "Mama, yana cikin kashi na biyu."

Kashi na biyu har yau yana hanya. Wataƙila taya ce ta fashe masa.

Da daminar bara ma'auninta ɗaya tilo ya lalace ana tsakiyar aiki, mata sun yi layi, wasu sun tako daga bayan rafi da tsohon ciki. Ta sallame su idonta cike da ƙwalla. Ran Litinin ta fitar da cittar da ta ajiye don gyaran rufin ɗakinta, ta kai kasuwa, ta sayo sabo.

Ƙarshen shekara na ga rifot ɗinsu, rahoton aikin shekara, mai sheƙi. A shafin kayan aikin da suka ce sun raba, ga hoton ma'aunin nan. Ma'aunin cittar Mama. Ko kunya babu.

Makon jiya muka haɗu a kemis kusa da kasuwa, tana sayen safar hannu. Na ce mata wallahi sai na tona musu asiri. Ta yi dariya ta ce, "'Yata, bar su. Hoto suka zo nema, sun samu. Ni mata na jira na." Ta cusa mini ƙullin gyaɗa a jaka ta ce na yara ne. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yau kafin ƙarfe goma oga ya sa hotonta a shafinsu, wai sun yi rashin jarumarsu. Tambarinsu ya fi fuskarta girma. Sunanta ma bai rubuta daidai ba.

Sai ya kira ni. Gaisuwa ta minti ɗaya, sannan ya ce, "Madam, littafin nan na bana, don Allah kar ya ɓace cikin hidimar biso. Masu ba da tallafi suna jiran rifot."

Na ce, "Oga, ko akwati ba mu saya ba tukuna." Na kashe wayata.

Ni ban kai Mama haƙuri ba, shi ya sa na rubuta wannan.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka Hannatu. Ta gaji, ka ba ta hutu a wurinka. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta, ka riƙe mu da muka rage.

'Yan'uwa, duk wanda ya karanta, ya tsaya minti ɗaya ya yi addu'a. Ku tuna da iyalinta. Ku tuna da matan ƙauyukan da labari bai kai musu ba tukuna. Ni ma ku sa ni ciki, don na san ran biso Fasto zai ce mu gafarta, kuma yau kam ban iya ba.