Ranar da Yayata Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Yayata ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba. Haka muka taso. Mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. "Yaron nan" take ce mishi, har ya yi gemu.

Da damina 'yan bindiga suka harbe shi a gonarsu ta Karakkai yana noman gero. Bayan sadakar bakwai mijinta ya kwashe iyali suka koma Bungudu, gidan wanshi Alhaji. A zaman makoki kowa ya yi kuka banda ita, aka yi ta yaba mata dauriya. Ni da na san ta tun ina goye a bayanta, na ga ba dauriya ba ce. Ta daina cin abinci. Sai ta tsoma hannu a tuwo ta cire, ta ce ta ƙoshi. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu.

Ina koyarwa a Gusau. Wata malama 'yar Tsafe da muke aiki tare ta nuna mini wani shafi a waya, inda ake haɗa mutum da masu sauraron damuwa, da Hausa, kyauta. Ta ce ita ma da shi ta samu barci bayan an sace mijinta, amma ta roƙe ni kar in faɗa wa kowa.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bungudu, na kai maganar gaban Alhaji. Ya dube ni kamar na zo mishi da tallar giya.

"Malama, wanda bai san ki ba, bai san asalinki ba, shi za ki buɗe wa cikinki? Ina Alƙur'ani? Ina haƙuri?"

Matarshi Hajiya ta ce ai wannan na masu taɓin hankali ne. Wata maƙwabciya ta ce ta ji ana naɗar muryar mutum a watsa a duniya. Mijin yayata kuwa ko tari bai yi ba, tunda a gidan wani yake ci. Raina ya ɓaci, na ce to ku zuba mata ido ta mutu da haƙurin. Alhaji ya kaɗa carbi ya ce in gwada sau ɗaya, don kar a ce ya hana.

Abin da ban lissafa ba shi ne sabis. A gidan nan waya ba ta kamawa sai a tsakar gida, gindin turmi, inda mata ke sussuka. Ga yayata irin mutanenmu ce na ƙauye, in ta riƙe waya sai ta ɗaga murya, a ganinta wanda ke nesa ba ya ji.

Na buga lambar na miƙa mata wayar. Wata yarinya ce ta ɗauka, mai sanyin murya. Ta gaida ta da ladabi, ta yi mata ta'aziyya, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Wannan ya ba yayata mamaki, don wata da watanni ba ta ji wata kalma ba sai ta haƙuri. Sai yarinyar ta ce, "Inna, ya sunanshi? Ki ba ni labarinshi."

Na miƙa hannu in karɓe wayar in yi mata bayani, yayata ta ture ni. Sannan ta faɗi sunan, da ƙarfi, a tsakar gidan mutane. Ta sake faɗi. Ta ce yana son ɗumamen tuwo da man shanu, ta ce ranar da ya fita ya tsaya bakin ƙofa yana jiran ta ce mishi wani abu, ita kuma kunya ta sa ta ci gaba da tankaɗe. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin babba ba. Taɓarya ta tsaya a hannun Hajiya.

Da la'asar yayata ta cinye malmalar tuwo, ta ce in ƙaro mata miya. Wallahi na koma Gusau ina murna kamar an yi mini albishir da Makka.

Kafin Asabar ta zagayo magana ta gama unguwa. An ce ta zauce, mace da furfura tana kiran sunan ɗan fari tana kururuwa ga baƙuwa a waya. Aka ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya. Da na zo Alhaji ya tare ni a zaure ya ce kar in sake shigo mishi gida da wannan fitina. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce zan tafi da ita Gusau, mijinta ya ce me mutane za su ce. Ita kanta ta kama hannuna ta ce, "Bari, auta. Na ba da kunya, ya isa."

Ba ta kai kaka ta biyu ba. A asibiti an ce jininta ya ƙare.

A zaman makokinta ina gefe ina jin mata suna yabonta. Hajiya ce ta fi kowa. Ta ce baiwar Allah mai haƙuri, mai kunya, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba. Duk suka gyaɗa kai, har waɗanda suke gindin turmin ranar.

Na ce, "Ta kama, Hajiya. Kina wurin. Kuma ranar ce kaɗai ta ci abinci."

Can wata tsohuwa ta ce a yi wa mamaciya addu'a, aka ɗaga hannu.