Ramalan Ya Kwance Kansa Daga Turke

Duk faɗin Kibiya babu wanda ya san tumbin Ramalan kamar ni, Alu mai shayi, domin da hannuna na gina rabinsa. Shekara tara yana zama a bencina kullum safiya, har katakon ya lanƙwashe daidai wurin zamansa. Saboda haka in na ba da labarinsa, kada wani ya ce ƙari na yi.

Ramalan Bafulatani ne, an haife shi a wata ruga can bayan Tarai. Lokacin da na fara saninsa, wallahi in ka hango shi daga nesa ba ka bambance shi da sandar kiwonsa. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin shanu, ya fita da hantsi sai faɗuwar rana. In rani ya yi ya kora su kudu, tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa. Irin wannan mutum in ya zauna gaban ƙwaryar fura sai ya ga ƙasanta, kuma ko alama ba ta nunawa a jikinsa.

Da ya haura talatin sai yawon daji ya ishe shi. Ya bar wa ƙannensa garke, ya shigo gari da matarsa Khadijatu, ya kama sana'ar turka. Wato ya sayi ramammen sa, ya ɗaure shi a turke, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa da ruwan kanwa wata uku ko huɗu, in ya cika ya kai kara, kasuwar shanu, ya sayar. Allah ya sa wa abin albarka, har ya sayi babur. Tun daga ranar ƙafarsa ta yi ritaya. Ko masallacin da ke bayan gidansa sai ya tayar da babur.

Amma ƙwaryar furar nan ba ta yi ritaya ba. Tana nan yadda take, sai ma abokan zama da ta samu. Da safe a wurina ƙwai biyar, rabin burodi, shayi mai kauri da sukari cokali huɗu. Da rana shinkafa da wake, manja na malala. Da la'asar fura. Bayan magariba tuwo malmala uku da man shanu. Ni kuwa ina soyawa ina yi masa kirari, me ya dame ni? Wuya ya ɓace, tumbi ya yi gaba, mutane suka fara kiransa Alhaji alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Khadijatu ta fi kowa murna, domin a gidan biki mata na cewa ta iya riƙon miji.

Mahaifiyarsa, Inna Saude, tana can ruga. Ta kusa tamanin, idonta ya yi rauni, kuma ta rantse ba za ta kwana inda ba ta jin kukan shanu ba. Da rani babur na kaiwa har ƙofar bukkarta. Da damina kuwa hanya ta zama taɓo, rafi ya kawo, dole ka ajiye babur a Tarai ka taka da ƙafa ta cikin duwatsu, tafiyar awa ɗaya da rabi ga mai lafiya.

Daminar bara, cikin watan Agusta, aka aiko cewa Inna ba ta da lafiya. Na rufe teburina na raka shi. Mun yi kamar rabin hanya sai na ji numfashinsa na fita kamar zugazugin maƙera. Ya zauna kan wani faffaɗan dutse, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. Ya yunƙura sau uku, sau uku yana komawa. A ƙarshe wani manomi ne ya taimaka ya ɗora shi a amalanke ya mayar da shi Tarai, ni na ƙarasa rugar ni kaɗai.

Na tarar da Inna da sauƙi, zazzaɓi ne. Da na gaya mata abin da ya faru sai ta ce, "Ka ce masa na yafe. Ya zauna ya huta, kada ya wahalar da kansa saboda ni."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ƙato guda ya zauna a bencina yana share hawaye da hannun riga, ni ma sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce, "Alu, da mutuwa ce fa? Da ba da ni aka binne ta ba, saboda tumbi." Ya ce in Allah ya kai mu wata daminar, da ƙafarsa zai je ya gaishe ta.

To, niyya ta yi kyau, dabara ce babu. Da farko ya sayi wani jiƙo a wurin masu tallan magani da lasifika a kasuwa, wai yana narkar da kitse cikin sati guda. Kwana uku yana zarya da buta, tumbi na nan daram. Daga nan ya ce yunwa ce magani. Ya daina karyawa, ya daina cin na rana, sai magariba ta yi ya zauna ya rama bashin yini gaba ɗaya, har da ƙari. Na ce masa, "Kai, wannan ba azumi ba ne, ba kuma hankali ba." Bai ji ba. Ranar wata kasuwa jiri ya kwashe shi a tsakiyar kara, saura ƙiris wani sa ya taka shi.

A ƙaramin asibiti muka haɗu da Malam Tajuddeen, ma'aikacin lafiya, mutum mai sanyin magana. Ya auna jininsa ya ce ya fara hawa. Ya saurari labarin jiƙo da na yunwa bai yi dariya ba, ni ne na kasa daurewa. Sannan ya tambaye shi sana'arsa, ya ce, "Malam Ramalan, koya min. Yaya ake sa sa ya yi ƙiba?"

Nan fa baki ya buɗe. Ramalan ya ce, "Ai mai sauƙi ne. Ka cika masa ciki, ka hana shi yawo. In ka bar shi yana tafiya, abin da ya ci a hanya zai ƙare."

"To, shanun huɗa fa? Ai su ma suna ci."

"Suna ci mana, amma suna aiki. Namansu a murɗe yake, ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuya ya dubi cikinsa, ya dube ni, ya ce, "Innalillahi! Alu, ashe turke kaina na yi, kai kuma kana zuba min dusa!"

Na ce, "A'a, kada ka shafa min. Na taɓa bin ka gida da ƙwai?"

Malam Tajuddeen ya ce zancen ke nan gaba ɗaya. Kowane abinci yana ɗauke da ƙarfi, su a asibiti kalori suke ce masa. Abin da jiki ya ƙona da motsi ya tafi, abin da ya rage ya ajiye shi kitse. Ya ce kada ya daina ci, domin mai yunwa ba ya iya tafiya, kuma da yamma zai rama. Ya ci sau uku, ya rage kaɗan daga kowanne, musamman sukari da mai da tuwo, ya ƙara ganye da wake. Tafiya kuma ya fara da kaɗan yana ƙarawa.

Washegari ya zo teburina ya ce ƙwai biyu, sukari cokali ɗaya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har na zuba cokali biyu don mugunta. Ya kurɓa ya turo min kofin ya ce in sake. Ya jingine babur a zaure. Bayan sallar asuba ya zagaya bayan gari, da farko minti goma sha biyar yana haki, daga baya ya kai har gonarsa ya ɗauko harawa a ka. Ƙatuwar ƙwaryar fura ya ba Khadijatu ta riƙa auna hatsi da ita, ya koma ƙaramin koko. Ma'auninsa kuwa igiyar ɗaure maraƙi ce: duk farkon wata ya zagaya ta a cikinsa ya ƙulla.

Watan farko ƙullin ya matsa da faɗin yatsa ɗaya tak. Ya fusata ya tafi asibiti da igiyar a hannu. Malam Tajuddeen ya ce, "Sa nawa ka taɓa turkewa ya cika a wata guda? Shekara tara ka yi kana tarawa." Ya dawo yana gunaguni, amma washegari na hango shi ya nufi gona.

Wajen wata na biyar sai gari ya ɗauka. Wasu suka ce ciwo ne yake ɓoyewa. Wasu suka ce karayar arziki ce, ba ka ga ko babur ya daina hawa ba? Har wani ya zo yi masa jaje a bencina. Abin ya fi ƙona Khadijatu, domin matan da suka yabe ta su ne yanzu ke tambayar ko lafiya take da maigidan. Sai ta shiga narka man shanu a ƙasan miya inda ba zai gani ba. Mutumin da ya tashi cikin shanu za a ɓoye wa man shanu? Loma ɗaya ya gane. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Khadijatu, surutun mata da ganin Inna, wanne kika zaɓar min?" Tun daga ranar ita ce mai yi masa kwaɗon zogale, kuma duk wadda ta yi mata gori sai ta ce likita ne ya rubuta.

Sannu sannu ba ta hana zuwa. Kafin ruwan bana ya sauka, igiya ta yi ƙulli takwas, tsakanin na farko da na ƙarshe ya fi taƙi guda. Bai koma sanda ba, kuma ba a so ya koma. Amma wuya ya dawo, jini ya sauka, yana sujada ba tare da nishi ba.

Cikin Agusta, ranar wata Laraba bayan an kwana biyu ana ruwa, ya ce in rufe tebur. Muka ajiye babur a Tarai muka taka. Da muka iso faffaɗan dutsen nan sai ya tsaya, na ce to, ga ta nan. Ashe harararsa kawai zai yi. Ya buga masa sanda ya wuce. Muka naɗe wando muka tsallake rafi. Abin kunya, ni ne na riƙa cewa a dakata in sha iska, shi yana gaba yana min dariya, wai in rage shan kayan teburina.

Inna Saude na zaune a ƙofar bukka tana tsince wake da lalube. Ba mu kai ga yin sallama ba ta ɗaga kai ta ce, "Ramalan?"

Ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, wa ya gaya miki ni ne?"

Ta ce, "Takunka na ji. Shekara nawa ba na jin komai sai ƙarar babur. Wannan takun kuwa na san shi tun kana dawo da maruƙa." Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, tana cewa "ɓingel am", wato ɗana. Ni dai na juya ina kallon shanu, domin ba na son a ga mai shayi yana kuka.

Da ta shafo kafaɗarsa sai murya ta canza. "Kai! Wace irin rama ce wannan? Ba a ba ka abinci a garin?" Ta ƙwala wa matar ƙaninsa kira, aka kawo ƙwaryar fura da kindirmo, irin babbar nan ta da, cike har baki.

Ramalan ya dubi ƙwarya, ya dube ni. Na ce, "Ni ba ruwana, ban ga komai ba."

Ya ce, "Awa ɗaya da rabi ce a gabanmu, Alu. A hanya za ta ƙare." Ya yi bismilla ya kafa kai, Inna na riƙe da gefen rigarsa har ya ga ƙasanta.