Furen da Aka Hana Sa wa Ƙasa

Ƙanwata ce ta zo da shi daga Abijan, shekarar da ciwo ya maido ta gida Madarunfa. Fure ne cikin 'yar roba mai huji-huji, babu ƙasa ko ƙwaya, sai ɓawon itace da gawayi, saiwoyin suna lilo a waje. Ta ce sunanshi orkide, can a jikin itace yake rayuwa. Da jiki ya tsananta ta miƙo min shi ta ce, "Yaya, ki riƙe min. Inuwa, ruwa kaɗan, kuma kar ki yarda a sa mishi ƙasa." Bayan rasuwarta aka raba kayanta kaf. Shi kaɗai ya rage min mai rai, na aje shi a tagar ɗakina.

Maigidana manomi ne, kuma ba na raina mishi, gero da wake sun san hannunshi. Sai dai duk abin da ke da ganye, a wurinshi gero ne. Kullum ya shigo sai ya tsaya kan furen yana girgiza kai, wai an bar shuka tsirara, ana ɗaukar alhakinta. Na maimaita mishi wasiyyar yarinyar nan har bakina ya gaji.

Sai ɗiyata ta haihu a Gabi, na tafi zaman jego, na daɗe. Ranar da na dawo ko mayafi ban cire ba na nufi taga. Na tarar da furen cikin tukunya, an danne saiwoyin da baƙar lakar bakin tafki, an barbaɗa kashin awaki a kai. Ganyen da na bari kore shar, mai kauri, ya koma ruwan ɗorawa, ya yamutse kamar bayan hannun tsohuwa.

"Malam, wa ya taɓa min wannan?"

"Ni ne. Da kaina na je tafki na ɗebo laka mai kyau," in ji shi, har da murmushi, yana jiran godiya. "Ƙishi ne ya yamutsa shi. Safe da yamma nake ba shi ruwa, amma abin naku na birni ba ya da ƙwari."

Na ɗauki tukunyar na kife ta a tsakar gida. Wari ya tashi. Saiwoyin duk sun yi baƙi sun ruɓe, ina taɓawa suna saɓulewa a yatsuna. To da me zai sha ruwan? Yana tsakiyar ruwa ƙishi na kashe shi, mai taimakon kuma yana ƙara tuttula mishi. Na zauna da reza ina yanke ruɓaɓɓun, ina kuka ina masifa, maƙwabta na leƙe ta katanga, ban damu ba. Saiwa ɗaya ta rage mai ɗan tauri. Na wanke ta, na maida shi robarshi da sabon gawayi, na daina ba shi ruwa sai yayyafi.

Bai tashi ba. Ganyen suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen na tsince shi a ƙasa wata safiya ina shara.

Maigidan ya same ni riƙe da ganyen. Ya ce, "Ki yi haƙuri mana, shuka ce fa. In na shiga Maradi sai in nemo miki wata."

Wannan maganar ta fi lakar ƙona min rai. Na ce, "Malam, ranar da aka kai ƙanwata makwancinta, kai ka shiga ramin ka karɓe ta, kai ka fara zuba ƙasa, kuma na gode maka. Abu ɗaya tak ta bari ta ce kar a sa wa ƙasa. Shi ma sai da ka binne."

Ya ɗauki hauyarshi ya fita. Yanzu muna zaune lafiya, ina dafa mishi, muna hira. Robar tana nan a tagar babu komai a ciki, kuma har yau in ya shigo ɗakin ba ya kallon wajen.