Layi Ɗaya a Kan Sunan Baba

Ƙanwata ce ta tono mini wannan magana, ba da nufi ba. Aikin ofis take yi a Kaduna. Ta zo hutun Kirsimeti da kwamfutarta, ta zauna a gindin mangwaron gidan da nake haya a Kafanchan tana ta danne-danne. Na ce, "Ke hutu kika zo ko aiki?"

Ta ce, "Yaya, ba na ofis ba ne. Wiki nake gyarawa."

Na ce ban taɓa jin wannan ƙabila ba. Ta yi dariya ta yi mini bayani. Wai kamar littafi guda ne, amma kowa na iya shiga ya rubuta, kowa na iya gyara na wani. Duk gyaran da aka yi, tsohon rubutun ba ya ɓacewa, yana nan a ajiye da sunan wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa. In wani ya yi ɓarna, a danna wuri ɗaya komai ya koma yadda yake jiya. Har da shafi a gefe inda masu gardama ke yin gardamarsu. Manhajar kuma kyauta ce, ba mai sa mata kwado. Wanda ya ga dama ya ɗauka ya kafa tasa, wanda ya iya ya buɗe cikinta ya gyara kamar injin niƙa.

Tana ta zuba, ni kuwa tuwon da ke gabana ya fita raina. Mun taɓa yin irin wannan abu a ƙauyenmu da takarda da biro, kuma da bakina aka kashe shi.

Ni ba mai ilimi ba ne. A fom biyu na tsaya, na shiga kanikanci. Kada wani ya nemi salo a nan.

Ƙauyenmu na can wajen Nok, ƙasar citta. Muna da wata babbar rajista mai baƙin bango da wani tsohon katikis, malamin majami'armu, ya fara tun kafin a haife ni. A kan tebur take a barandar majami'a, an ɗaura mata biro da zare. A ciki ake rubuta gonaki: ta wane daga ɗorawa zuwa dutse, ta wance daga rafi zuwa hanyar makabarta. Amma ba gonaki kaɗai ba. Wanda ya gano abin da ke hana citta ruɓewa ya rubuta. Wani ya zo ya ƙara a ƙasa cewa ya gwada, ƙarya ne. Matan zumuntar majami'a ma suna sa a rubuta musu. Doka uku ce kawai: ba a yage shafi, ba a goge rubutu, kowa ya sa hannunsa. In abu ya canza sai a ja masa layi ɗaya, siriri, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. In ka ba wani gona, a ja layi a kan sunanka a rubuta nasa a sama, a gefe kuma shaida ya rubuta ko aro ne ko kyauta. Wata gonar sai ka ga suna bakwai a jere kamar matakalar rumbu. Littafin ya yi muni, gaskiya. Amma ba ya mantuwa.

Gonarmu ta bakin rafi ita ce dukiyar Baba duka. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ni ina Kafanchan ina koyon aiki, sai ya ba abokinsa aronta, maƙwabcinmu ne katanga ɗaya. Ba na nan ranar. Abin da Baba ya ce mini kawai shi ne, "Na ba shi aro, an rubuta. Ranar da ka gaji da baƙin mai ka dawo ka karɓa." A farkon tamanin da bakwai ya rasu.

Shekarar nan kowa ya san rikicin da aka yi a Kafanchan. Ba zan maimaita ba. An ga wuta ta ci wuraren da ba a taɓa zaton za ta ci ba, dattawanmu suka tsorata. A miting na kwamitin ƙauye sakatare ya miƙe. Tsohon hedimasta ne mai ritaya, mutumin kirki, mai rubutu kamar na inji. Ya ce, "Littafi ɗaya gare mu, ashana ɗaya ta ishe shi." Gaskiya ya faɗa. Ya ce a kwafe shi cikin sabo, a kuma tsabtace shi, domin in baƙo ya buɗe wannan zai ce kaji ne suka yi dambe a kai. Aka yi dariya, aka tafa.

Ana bukatar mai karanta masa yana rubutawa. Ina gida lokacin, ban koma ba tun bayan jana'iza, sai aka ce ni. Kada in ɓoye, na ji daɗi. Ɗan fom biyu a tebur ɗaya da hedimasta! Har riga nake gogewa. Mako biyu muka yi, kullum bayan an tashi makaranta, a aji shida. Ran farko ya ce mini, "Wanda ke tsaye kawai za ka karanta. Wanda aka soke ya mutu."

Rana ta tara muka iso shafinmu. Na ga sunan Baba da layinsa, na ga na maƙwabci a sama. Na tsaya.

"Malam, nan sunan Baba ne aka ja wa layi."

"To? An soke ko ba a soke ba?"

"An soke. Amma aro ne."

"Ɗana, wa ke ƙauyen nan bai san aro ne ba? Har awaki sun sani. Ranar da ya maida, ka zo in rubuta sunanka da manyan baƙaƙe."

"Wannan na gefe fa?"

Wani ɗan rubutu ne na ajami, layi biyu. Ya gyara tabarau, ya juya littafin dama, ya juya hagu. Shi bai iya ba, ni ban iya ba.

"Hannun Alhaji ne mai sayen citta," in ji shi. "Addu'a ce irin tasu, ta neman albarkar gona. Wuce, rana na faɗuwa."

Na wuce. Na buɗe baki na karanta sunan maƙwabci da ƙarfi, harafi harafi, don kada Malam ya yi kuskure. Bai yi ba.

Sabon littafin ya yi kyau ƙwarai, layukan rula ja, ba ɗigon tawada ko ɗaya. Saboda kyansa aka ce kada kowa ya riƙa taɓa shi da hannun gona. Ya shiga kabad ɗin hedimasta, makulli a aljihunsa, shi kaɗai ke rubutu a ciki. Wa zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar dattijo don ya ce toka na maganin ruɓewar citta? Mutane suka daina. Tsohon kuwa aka sa shi a kwali aka kai sito bayan majami'a, wurin fasassun ganguna.

Na koma gareji. Maƙwabci ya ci gaba da noma, kuma bai taɓa cin amana ba. Duk kaka sai ya aiko wa Mama kwandon citta, alamar ya san gonar da mai ita. Mama ta rasu, shi ma bayan shekara biyu ya bi ta, a casa'in da uku. A lokacin jiragen ƙasa sun ja baya, garin Kafanchan ya yi sanyi, sai mu wuni a gareji muna dara. Ga mata, ga 'ya'ya biyu. Na ce lokacin da Baba ya faɗa ya yi.

Babban ɗan maƙwabci, wanda gonar ta koma hannunsa, ma'aikacin gwamnati ne, a Kaduna ya girma wurin kawunsa. Na so a ce ɓarawo ne, da na samu wanda zan tsana. Ba ɓarawo ba ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗan'uwa, ni ban san zancen aro ba. Mu je ga littafi. In aro ne, gobe ka shiga gonarka."

Aka zauna a gaban dagaci. Hedimasta ya kawo littafin a cikin leda, ya buɗe, ya karanta. Suna ɗaya, tsaf, ba layi, ba komai a gefe. Na ce a tsohon akwai sunan Baba a ƙasa. Dagaci ya ce a ɗauko tsohon. Ni na je da kaina. Kwalin na nan, bangon na nan baƙi kamar jiya. Da na ɗaga shi sai jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Gara ta gama da shi tun tuni. Na kawo bangon na ajiye a tsakiyar taro kamar wanda ya kawo fatar akuyar da kura ta ci.

Na juya ga dattawa. Na ce, "Iyayena, ku da kuka sani, ku yi magana." Rabin waɗanda suka sani suna makabarta. Sauran suka shiga kallon yatsun ƙafarsu, domin ɗan maƙwabcin nan shi ya samar wa 'ya'yansu uku aiki. Ɗaya ya ce ya ji kamar aro, ya kuma ji kamar kyauta. Awakin da Malam ya ce sun sani ba su zo taron ba.

Na ce, "Malam, kai ka ce kowa ya sani."

Ya cire tabarau. Ya tsufa ƙwarai. Ya ce, "Na tuna ka yi wata magana, ɗana. Amma abin da ka karanta mini shi na rubuta."

Me zan ce? Ƙarya ya yi?

Saura Alhaji. Iyalinsa sun daɗe a kasuwar Kafanchan, tun kakanni, amma shekara guda bayan rikicin ya koma wurin ɗansa a Jere. Na hau mota na same shi a wata rumfa a bakin titi, idanunsa sun yi fari. Da na faɗi sunan Baba ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Aro ne har ɗansa ya dawo gida. Haka na rubuta, na sa sunana. Su biyun suka ce ni zan yi shaida, don ba ni da dangi a cikinsu."

Na faɗa masa abin da muka ɗauka rubutun nasa yake.

"Addu'a?" in ji shi. "Haba ɗana. Duk ranar kasuwarku ina gindin tsamiya da sikelina. Taku nawa ne daga makarantar? Ba wanda zai ce, Alhaji zo ka karanta mana?"

Taku ɗari ne, ko ƙasa da haka. Na auna daga baya.

Ba ya iya tafiya. Ya faɗa, ɗansa ya rubuta wasiƙa da boko, ya dangwala yatsa. Na kai wa dagaci. Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce ba zai ɗora takardar wanda ba ɗan ƙauye ba a kan littafin ƙauye. Abin da ya sa aka zaɓe shi shaida, shi ne ya sa aka ƙi shaidarsa. Wasu suka ce in tafi kotu. In tafi da me? Da bangon littafi?

Shi ke nan. Ban sake taka gonar ba. In na je ƙauye jana'iza ina zagayawa ta bayan makaranta don kada in ga rafin.

Ƙanwata ƙarama ce lokacin. Har ranar nan a gindin mangwaro tana tsammanin hedimasta ne ya cuce mu, ni kuma ban taɓa gyara mata ba. Na tambaye ta, "Wannan wikin naku, in wani mai ilimi ya zo ya ce zai tsabtace shi fa?"

"Ya tsabtace mana. Dattin na nan a baya, kowa zai iya buɗewa ya gani."

"In aka kwafe?"

"Ana kwafewa da tarihinsa duka. Mutum goma su ajiye a wuri goma in sun so."

"In wani ya rubuta da ajami?"

"Sai a tambaya a shafin gefe, wanda ya iya ya karanta. Yaya, lafiya?"

Na ce lafiya. Ta ce tana so ta buɗe wa ƙauyenmu irinsa, in taya ta da abin da na tuna. Na ce ta rubuta gonar bakin rafi, daga ɗorawa zuwa dutse, ta sa sunan Baba. Ta sa. Na ce ta ja masa layi ɗaya. Ta ce a nan ba a bukatar layi. Na ce ta ja dai. Ta ja, siriri, ana iya karanta shi sarai.

"A gefe me zan rubuta?" ta ce.

Na ce ta ba ni ruwa tukuna, maganar na da tsawo.