Kawu Ishaya da Ƙofar da Na Kulle a Sanyuanli

Shekara uku ke nan cif da rasuwar Kawu Ishaya, ƙanen mahaifiyata, a Guangzhou, ƙasar Sin. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Kafin ya shiga fataucin yadi, malamin makarantar Baibul ne a Zariya. Ina gama sakandare ya tafi da ni in riƙa taya shi zaɓen kaya. Kullum da la'asar yana shan shayi da Alhaji Mamman, ɗan Maraɗi, suna musu kan Almasihu. Kawu yakan ce Yahudawan zamanin can sarki suke jira daga zuriyar Dawuda, wanda zai kori Romawa. Da aka gicciye Yesu, mabiyansa suka watse, suka kulle kansu don tsoro. Daga baya ne suka koma littattafan annabawa, suka karanta su da sabon ido.

"Mu a wurinmu ba a kashe Annabi Isa ba, Malam," in ji Alhaji. "Ɗauke shi aka yi."

"Na sani. Sha shayinka, Faransawa ma ba su iya ka ba, balle ni."

Ana shirin wasannin Olamfik aka tsananta duba fasfo, bizata kuwa ta ƙare. Lokacin ne Kawu ya faɗi a kasuwa, ya cika a asibiti. Aka ce sai wani cikin dangi ya zo ya nuna nasa takardun kafin a ba da gawa. Alhaji ya yi ta sintiri, aka ce shi ba dangi ba ne. Ya dawo masaukinmu a unguwar Sanyuanli yana buga mini ƙofa: "'Yata, fito mu je tare." Ban buɗe ba. Da wa'adi ya cika, aka ƙona gawar.

A gida na ce an binne shi. Kakata, mahaifiyar Kawu, har yanzu takan tambaye ni ko akwai mai share kabarin.

Me zai ce da ya ga ƙaryar nan? Ban sani ba. Abin da na riƙe nasa shi ne, ban taɓa jin ya zagi matsoratan mabiyan Yesun nan ba. Yakan ce su ne dai suka fito daga baya suka faɗi abin da suka sani, har da gudun da suka yi.

Kaka ba ta karanta jarida. Ranar Lahadi, in an taso daga sujada, zan zauna a gabanta in karanta mata wannan da bakina.