Telan Al Satwa da tsibirinsa

Jiya a unguwar Al Rigga, nan Dubai, aka miƙo min shayi mai kanumfari, na kasa sha. Baba tela ne ya faɗo min a rai, dattijon da ya yi shekaru yana ɗinka min kaya a unguwar Al Satwa. Mutumin Pemba ne, wani ɗan tsibiri a gaɓar Tanzaniya. Kullum da ƙwayar kanumfari a bakinsa, kuma da guntun Larabci muke hira.

Wata rana na kai masa shadda, sai ya ɗauki alli ya zana tsibirin a kanta. Ya nuna min tuddai, ya ce kore ne shar. Ya ce Larabawan Oman ne suka kawo musu kanumfari, kuma da kaka mata kan shanya shi a tabarmi, har ƙamshin ya tarbi masunta a cikin ruwa.

Ya ce, "Ɗana, akwai teku a Kano?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ya dube ni da tausayi. "Inshallah bana zan koma gida. Ka raka ni, ka ga inda zan kwanta kusa da mahaifiyata."

Na ce to, bari in gama tura kayan kasuwancina Kano. Na je Kano na dawo, na tarar da wani a kan keken ɗinkinsa, ashe Baba ya rasu. A nan Dubai aka binne shi, cikin rairayi.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da mahaifiyarsa inda babu rabuwa.