Aulis Kemppainen da Bangon da Ya Hana a Fasa

Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, matarka Sirkka ta bugo mini waya ta ce ka cika, Aulis. Shekararka saba'in da shida. Na ajiye wayar, sai na tsinci kaina a taga ina kallon sauna, ɗakin wankan tururin da ka gina mana a bayan gida. Na ji kunya, domin tsoro ya riga baƙin ciki zuwa mini.

Ka sauka birnin Canberra daga Finland a 1959 da akwatin kayan kafinta, Turancinka bai kai kalma goma ba. Babu gidan ɗan Finland a unguwar nan da hannunka bai taɓa ba. Kowace Asabar kakan kwaso ragowar allunan gini na asbesto, ka yi wa wannan rumfa, ka yi wa wancan banɗaki, ladanka kofi da burodin pulla. Shekarar da marigayi mijina Pentti ya karye, kai ka ƙarasa mana saunar. Kana yanka allon da zarto, ƙura ta mayar da girarka fara. Na ce ka rufe hancinka. Ka yi dariya ka ce, "Haba Helvi, wanda sanyin Kajaani ta Finland bai kashe ba, ɗan farin garin allon nan ne zai kashe shi?"

Shi ne ya kashe ka. Shekara arba'in yana kwance a huhunka, bai yi motsi ba sai bara.

Da likita ya gaya maka, ba ka kwanta jiran mutuwa ba. Ka sa Sirkka ta riƙa kai ka gida-gida, da tukunyar iskar numfashi a kujerar baya. Gida ashirin da bakwai. Ka tsaya gaban sababbin masu gidajen da ba su san ka ba, ka ce, "Ni na kafa bangon nan. Kada ku huda shi, kada ku fasa. Ku kira waɗanda aka horar su cire shi." Wasu sun rufe maka ƙofa. Yaran yau su duba wannan: mutum ne ya yi kuskure cikin rashin sani, ya bi shi da ƙafarsa.

A watan Maris ɗana Jorma ya zo da guduma zai rushe saunar, wai yana son wurin ajiye kwalekwalensa. Na yi magana, kamar da dutse nake yi. Sai ga muryarka ta bayan shinge, da ƙyar take fita.

"Kai, ƙaton banza, ajiye gudumar nan!"

"Baba Aulis, aikin rabin awa ne fa."

"Ni ma rabin awa na yi ina yanka shi. Dube ni."

Ya ajiye. Shekararsa arba'in da takwas, kai kaɗai ka taɓa hana shi abu ya hanu.

Jiya, ko binne ka ba a yi ba, ya ce mini, "Mama, tsohon nan, ciwo ne ya firgita shi. Zan jiƙa bangon da ruwa, shi ke nan." Ran Asabar yake nufin yi. 'Ya'yansa mata biyu a tsakar gidan nan suke wasa. Shi ya sa na rubuta sunansa a nan inda kowa zai gani, in zai yi fushi ya yi.

Jorma, ran Juma'a kana cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa. Ka san mutumin da yake saɓa katakon rufi shi kaɗai ya hau tsani. In ka ɗaga, ka lura da abin da ya rage na nauyinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sirkka, da 'ya'yanku Outi da Lasse, da jikoki. Ubangiji Ya ba ku haƙuri. Aulis, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya ba ka hutu inda numfashi ba ya wuya. Ya kuma sa ɗana ya ji tsoron da nake ji kafin Asabar.

Helvi Rautiainen